Baiwa a Asmara, Kasuwa a Turai: Nazarin Hazaƙa da Makoma da Kuɗin Shigar Ɗan Tseren Keke Biniam Girmay

Tsakure

Wannan takarda ta yi nazarin sana'ar Biniam Girmay, ɗan tseren keke daga Eritiriya, wanda a 2024 ya zama baƙar fatar Afirka na farko da ya ci zango a gasar Tour de France, kuma ɗan Afirka na farko da ya lashe koriyar rigar gasar. Manufarta ita ce gano alaƙar da ke tsakanin baiwar ɗan tsere da abin da ke shiga aljihunsa. An bi sakamakon gasanninsa daga 2018 zuwa 2025, an duba ƙa'idojin hukumar tseren keke ta duniya, UCI, game da albashi da maki, da kuma kyaututtukan da masu shirya gasa suke bayarwa. Takardar ta gano cewa baiwa tana zama dukiya ne idan ta samu tsani, wato gasanni masu maki da takardun zama da ƙungiya mai ƙwarin kasafi, kuma kusan dukkan matakalan wannan tsani a Turai suke. Ta kuma gano cewa ko bayan ɗan tsere ya kai ƙololuwa, arzikinsa a hannun kamfanonin da ke ɗaukar nauyin ƙungiyarsa yake.

Muhimman kalmomi: tseren keke, baiwa, albashi, maki, masu ɗaukar nauyi, Eritiriya

1.0 Gabatarwa

Ranar 1 ga Yulin 2024, ayarin Tour de France ya tashi daga Piacenza zuwa Turin a Italiya, tafiyar kimanin kilomita 230, zango mafi tsawo a gasar ta wannan shekara. Aikin da ƙungiyar Intermarché-Wanty ta ba Biniam Girmay a ranar shi ne ya share wa abokinsa Gerben Thijssen hanya a zaburar ƙarshe. Cikin cunkoson kilomita na ƙarshe suka rabu, Girmay ya ga rata a jikin shinge ya kutsa, ya riga Fernando Gaviria da Arnaud De Lie tsallake layi. Gasar da aka soma tun 1903 sai a wannan rana ta ga baƙar fatar Afirka a kan dandamalin wanda ya ci zango.

Kyautar wannan nasara Yuro 11,000 ce, kuma bisa al'adar sana'ar ba shi kaɗai zai ci ba. Wannan tazara tsakanin girman tarihin da ƙanƙantar kyautar ita ce ta haifar da takardar nan. Tambayoyinta uku ne. Mece ce baiwar ɗan tseren keke, kuma daga ina take fitowa? Ta wace hanya take zama kuɗi? Wane tabbaci ke ga wanda ya mallake ta? An zaɓi Girmay ne saboda a shekara bakwai kacal ya ɗanɗani kusan duk abin da sana'ar ta ƙunsa: tallafin hukuma, rushewar ƙungiya, rauni, ɗaukaka, da haɗewar ƙungiyarsa da wata.

2.0 Ra'i da Hanyar Bincike

An ɗora takardar a kan ra'ayoyi biyu na masana tattalin arziki. Na farko shi ne ra'in jarin ɗan Adam, wanda Gary Becker ya faɗaɗa a littafinsa na 1964, inda ya nuna cewa horo da ilimi da lafiya jari ne da ake zubawa a jikin mutum don a girbi riba daga baya. Na biyu shi ne bayanin Sherwin Rosen na 1981 game da tattalin arzikin taurari: a sana'ar da miliyoyin mutane ke kallon mutum ɗaya a lokaci guda, ɗan ƙaramin fifiko a gwaninta yakan haifar da gagarumin bambanci a samu. Ra'in farko ya taimaka wajen gano waɗanda suka zuba jari a jikin Girmay, na biyu kuma wajen fahimtar rabon kuɗi a cikin ayari.

Ƙungiyoyin keke ba sa wallafa albashin 'yan tserensu. Saboda haka an dogara ga alƙaluman da ke a fili, wato mafi ƙarancin albashi da kyaututtukan gasa da jadawalin maki, an kuma bambanta su da abin da jaridu suka ruwaito.

3.0 Ƙasar da Ta Haifi Baiwar

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Italiyawa, waɗanda suka mulki Eritiriya daga 1890 zuwa 1941, su suka shigo da keke da tserensa. An gudanar da zagayen Eritiriya na farko a 1946, aka farfaɗo da shi a 2001 bayan samun 'yancin kai. A Asmara tseren keke wasa ne na gama-gari: akan rufe tituna a ƙarshen mako, jama'a su yi dafifi suna kallon ƙungiyoyin gari suna fafatawa. A wannan birni aka haifi Girmay ranar 2 ga Afrilun 2000, a gidan da mahaifinsa ke kunna talabijin duk watan Yuli don kallon Tour de France.

Ya kuma taso yana ganin magabata. A 2015 Daniel Teklehaimanot da Merhawi Kudus suka shiga Tour de France a ƙungiyar MTN-Qhubeka ta Afirka ta Kudu, har Teklehaimanot ya sa riga mai ɗigon ja ta gwanin hawan tsauni na 'yan kwanaki. Kafin nan Natnael Berhane ya lashe gasar Tropicale Amissa Bongo ta Gabon a 2014. Yaro ɗan shekara goma sha biyar a Asmara ya ga da idonsa cewa hanyar tana ɓullewa.

Sai batun ƙasa. Asmara tana bisa tudu mai tsayin sama da mita 2,300 daga doron teku. A irin wannan tsayi iskar oksijin da ke shiga jini a kowane numfashi takan ragu, jiki kuma ya rama ta hanyar ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini. Ƙungiyoyin Turai suna kashe maƙudan kuɗi su kai 'yan tserensu Sierra Nevada ko dutsen Teide a Sifaniya don su kwana makonni a irin wannan tsayi. Ɗan Asmara a ciki yake kwana, a ciki yake tashi. Titin da ya gangara daga Asmara zuwa Massawa a bakin Bahar Maliya, mai tsawon fiye da kilomita 100, filin horo ne na hawa da gangara da babu mai biyan ko sisi a kansa.

Idan aka auna da ra'in Becker, jarin farko da ke jikin Girmay al'ummarsa ce ta zuba shi: iyali, ƙungiyoyin gari, 'yan kallo, da tudun da Allah Ya ajiye su a kai.

4.0 Siffar Baiwar

'Yan tseren titi kashi-kashi ne. Akwai gwanayen hawan tsauni, marasa nauyin jiki. Akwai gwanayen tseren agogo, masu jure gudu su kaɗai. Akwai gwanayen zabura, waɗanda ke ɓuya cikin ayari tsawon sa'o'i huɗu ko biyar, su fito a mita 200 na ƙarshe da gudun da kan kai kilomita 70 a sa'a. Akwai kuma mafi yawa, barorin ƙungiya, masu ɗauko ruwa da kare wa jagora iska, domin wanda ya fake a bayan wani yakan rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe.

Mafi yawan 'yan Eritiriya da suka riga Girmay zuwa Turai a hawan tsauni aka san su. Shi kuwa gwanin zabura ne, amma irin wanda tudu bai cika kayar da shi ba. Wannan haɗi shi ne tsadarsa. A zango mai shimfiɗaɗɗiyar hanya akwai waɗanda suka fi shi ƙarfin fizga, kamar Jasper Philipsen da Jonathan Milan. Amma idan tsere ya haura kilomita 200, ya ratsa gajerun tuddai, ko layin ƙarshe ya kasance a kan ɗan hawa, manyan masu zabura sukan iso a gajiye ko su kasa isowa, shi kuma ya iso da sauran ƙarfinsa.

Nasarorinsa guda uku sun tabbatar da haka. A Gent-Wevelgem ta Beljiyam, ranar 27 ga Maris 2022, tseren kusan kilomita 250 ne da ke haye tudun Kemmelberg mai shimfiɗar duwatsu, hanyar da bai saba da ita ba. Ya shiga rukunin mutum huɗu da suka tsere wa ayari, ya zabura da wuri daga baya, ya doke Christophe Laporte da Dries Van Gestel da Jasper Stuyven. A zango na 10 na Giro d'Italia, ranar 17 ga Mayun wannan shekara a garin Jesi, sun yi doguwar zabura kafaɗa da kafaɗa da Mathieu van der Poel, har ɗan Holan ɗin ya sare ya ɗaga masa babban yatsa tun kafin layi. A zango na 8 na Tour de France ta 2024 a Colombey-les-Deux-Églises, hawan da ke gaban layi ne ya ba shi galaba a kan Philipsen.

Bayan ƙarfin ƙafa akwai ido da zuciya. Zabura cikin mutum sama da 150 tana buƙatar sanin bayan wa za a bi, da lokacin fita, da ƙarfin halin shiga ratar da ba ta fi faɗin kafaɗa ba. Wannan ba a koyonsa a kan tudu. Sai an yi ta shiga gasa da manyan abokan hamayya, kuma a nan ne matashin Afirka ke soma zama baya.

5.0 Tsanin da Ya Taka

A 2018 Girmay ya lashe lambobin zinare uku a gasar matasa ta Afirka, aka gayyace shi cibiyar horo ta UCI da ke Aigle a Suwizalan, wadda aka buɗe a 2002 don matasan ƙasashen da ba su da kayan aiki. A wannan shekara ya doke Remco Evenepoel a wani zango na gasar matasa ta Aubel-Thimister-Stavelot a Beljiyam. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A Janairun 2019 ya ci zango a Tropicale Amissa Bongo, ya zama na farko cikin waɗanda aka haifa daga 2000 zuwa sama da ya ci tseren ƙwararru.

Kwatanta shi da Evenepoel yana da amfani, tunda sa'o'in juna ne. Gaskiya ne Evenepoel ya fi kowa a ajinsu, domin shi ya lashe kambun duniya biyu na matasa a Innsbruck a 2018. Amma abin lura shi ne yadda kasuwa ta karɓe su. Ɗan Beljiyam ya tsallaka kai tsaye zuwa Deceuninck-Quick-Step, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin duniya, a 2019. Wanda ya taɓa doke shi kuwa sai a 2020 ya samu gurbi, a ƙungiyar Delko ta Marseille mai daraja ta biyu. Kafin shekara biyu ta cika ƙungiyar ta faɗa matsalar kuɗi, suka rabu a tsakiyar 2021, ita kuma ta rufe a ƙarshen shekarar.

A watan Agustan 2021 Intermarché-Wanty-Gobert ta Beljiyam ta ɗauke shi. Cikin mako kaɗan ya ci Classic Grand Besançon Doubs, sannan ya samu lambar azurfa a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 23 a Leuven. Bayan Gent-Wevelgem ƙungiyar ta tsawaita kwantiraginsa zuwa 2026. Sakamakon Tour de France ta 2024, inda ya ƙara cin zango na 12 a Villeneuve-sur-Lot ya kuma isa Nice da makin koriyar riga 387 a kan 354 na Philipsen, an sanar da ƙarin wa'adi zuwa 2028.

Akwai wani haraji da ɗan Afirka ke biya wanda ba ya fitowa a jadawalin sakamako. Bizar ziyara ta yankin Schengen kwana 90 take bayarwa cikin kowane kwana 180, alhali kakar tsere tana farawa a Janairu ta ƙare a Oktoba. Ƙungiyar da ta ɗauki ɗan Eritiriya sai ta nema masa takardar zama, ta kuma yi ta neman biza duk lokacin da za a fita yankin. Idan matasa biyu sun yi kunnen doki a gwaninta, mai fasfon Turai ya fi arha da sauƙi. Ga kuma kewar gida: mako guda bayan Gent-Wevelgem aka yi Zagayen Flanders, gasar da kowa ya so ya gan shi a ciki, amma ya koma Asmara wurin matarsa da 'yarsa bayan wata uku ba su gana ba.

6.0 Inda Kuɗin Yake

6.1 Kyautar gasa

A 2024 jimillar kyautar Tour de France ta kai kimanin Yuro miliyan 2.3. Zakaran gasar yana samun Yuro 500,000, mai koriyar riga 25,000, mai cin zango 11,000. Ke nan zango uku da koriyar riga sun kawo wa Girmay Yuro 58,000 a 2024, ban da ƙananan kyaututtuka na kullum. Al'ada ita ce a zuba wannan a asusu ɗaya a raba tsakanin 'yan tsere takwas, a kuma fitar wa makanikai da masu tausa da sauran ma'aikata nasu kason, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Manyan tseren yini ɗaya ma haka suke: Yuro 20,000 ga zakaran Zagayen Flanders, 30,000 ga na Paris-Roubaix. A wannan shekarar ta 2024 zakaran tanis na Wimbledon Fam miliyan 2.7 ya karɓa. Ɗan tseren keke ba da kyautar gasa yake rayuwa ba.

6.2 Albashi

Abin dogaronsa albashi ne. Yarjejeniyar ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan tsere ta sa mafi ƙarancin albashi a rukunin farko, WorldTour, ya kama kimanin Yuro 42,000 a shekarar 2024, sabon shiga kuma kimanin 34,000. A ɗaya ƙarshen, jaridun wasanni sun ruwaito cewa kwantiragin da Tadej Pogačar ya sa wa hannu da UAE Team Emirates zuwa 2030 ya kai kusan Yuro miliyan 8 a shekara. Mutum biyu suna cikin ayari ɗaya, suna shan rana da ruwa ɗaya a tafiyar kusan kilomita 3,500, ɗaya yana ɗaukar abin da ya kusa ninka na ɗayan sau 200. Wannan shi ne abin da Rosen ya bayyana. Kyamara tana bin wanda ke gaba, sunan kamfanin da ke ƙirjinsa shi duniya ke gani, don haka kuɗi ke taruwa a kansa.

Daga nan za a gane ainihin ladan Girmay. Sau biyu ya yi babbar nasara, sau biyu aka kira shi teburin sabon kwantiragi tun tsohon bai ƙare ba. Nasara a titi hujja ce da wakilinsa ke ɗauka zuwa ciniki. A kan albashi akwai ladan nasara da ake rubutawa a kwantiragi, da kuɗin halartar ƙananan tseren nuni da ake yi a garuruwan Beljiyam da Holan da Faransa bayan Tour de France, inda masu riguna suka fi kowa tsada, da kuma tallan kayayyaki.

6.3 Maki

Gurabe 18 ne a WorldTour, kuma duk shekara uku ake tara makin ƙungiyoyi a sake rabon lasisi. A ƙarshen 2022 Lotto Soudal da Israel-Premier Tech suka rasa nasu. Wanda ke cikin rukunin yana da tabbacin shiga Tour de France, kuma wannan tabbaci shi ƙungiya ke sayar wa kamfanoni. Maki ya zama wani irin kuɗi. Zango ɗaya na Tour de France maki 210 ne, don haka zangunan Girmay uku sun ba ƙungiyarsa 630. Intermarché, wadda kasafinta ke cikin mafi ƙanƙanta a rukunin, ta ƙare 2022 a matsayi na biyar a duniya, kuma yana cikin waɗanda suka kai ta can.

A nan ne rashin daidaiton ya fi fitowa. Wanda ya lashe Zagayen Ruwanda baki ɗaya, gasa mafi daraja a nahiyar, maki 125 yake samu, wanda ya ci zango a cikinta kuma 14. Zakaran gasa mai daraja ta ƙasa da wannan, kamar Zagayen Faso da ake yi a Burkina Faso tun 1987, maki 40 ne rabonsa. Gasannin ma kaɗan ne, kuma ba su da tabbas: an soke Tropicale Amissa Bongo ta 2024 bayan juyin mulkin Gabon na Agustan 2023. Matashi zai iya cinye duk abin da ke Afirka amma bai tara abin da zai ja hankalin mai ɗaukar 'yan wasa ba.

6.4 Masu ɗaukar nauyi

Tseren keke ba shi da filin da ake sayar da tikiti, titi na kowa ne. Kuɗin talabijin kuma masu shirya gasa ke karɓa: kamfanin ASO mai Tour de France da Paris-Roubaix, RCS mai Giro d'Italia, da Flanders Classics mai Gent-Wevelgem. Ƙungiya ba ta da abin sayarwa sai sunanta da rigarta, shi ya sa take amsa sunan babban kanti ko banki ko ƙasa. Ranar da kamfani ya janye, ƙungiya ta mutu. UCI tana tilasta wa kowace ƙungiya ajiyar banki don biyan bashin albashi, amma wannan ba ya mayar wa mutum aikinsa. Ƙungiyar Qhubeka, wadda ta kai 'yan Eritiriya Tour de France, ta rufe a ƙarshen 2021 don rashin mai ɗaukar nauyi. Teklehaimanot, shekara uku bayan ya sa riga mai ɗigon ja, ya fita daga manyan ƙungiyoyin Turai yana da shekara 30.

Girmay ma bai tsira ba. A 2025 Intermarché da Lotto suka amince su haɗe su zama ƙungiya ɗaya daga 2026. Ƙungiyoyi biyu sun koma ɗaya, alhali doka ba ta yarda ƙungiya ta wuce 'yan tsere 30 ba, don haka 'yan tsere da ma'aikata da dama suka shiga neman mafaka. Girmay ya koma ƙungiyar NSN. Ya samu wurin zuwa saboda sunansa, amma kwantiragin da aka yi shela zai kai 2028 bai kai ba.

7.0 Makoma

Ta fuskar shekaru lokaci yana gefensa. Mark Cavendish ya ci zangonsa na 35 a Tour de France yana da shekara 39, a gasar da Girmay ya lashe koriyar riga yana da 24. Peter Sagan, wanda salonsu ya yi kama, ya lashe rigar sau bakwai. Gasanni irin su Milan-San Remo, mai kusan kilomita 300 da gajeren tudu daf da ƙarshe, sun dace da jikinsa.

Abubuwa uku ne za su iya rage masa wannan dama. Na farko rauni. Murfin kwalbar murna da ya buge masa idon hagu a kan dandamali a Jesi ya fitar da shi daga Giro washegarin nasararsa. Faɗuwar da ya yi a Zagayen Flanders na 2023 ta jijjiga masa ƙwaƙwalwa ta ɓata masa watanni. A Zagayen Suwizalan na wannan shekara, gasar da ya ci zango na biyu a cikinta, Gino Mäder ya rasu bayan faɗuwa a gangaren tsauni. Na biyu ƙarfin ƙungiya: gwanin zabura yana buƙatar jerin abokai da za su ja shi zuwa mita 200 na ƙarshe, kuma ƙwararrun masu wannan aiki ƙungiyoyi masu kuɗi ke saye. A Tour de France ta 2025 ya zo na biyu a zangon farko a Lille, bai ci zango ba, Jonathan Milan ya tafi da koriyar riga. Na uku shi ne sauyin salon tsere. Pogačar da Van der Poel suna kai farmaki tun da sauran kilomita 50 ko fiye, su tarwatsa ayari, zaburar da Girmay ke jira ta ƙi zuwa.

Gasar duniya da aka yi a Kigali a Satumban 2025, ta farko a Afirka, ta nuna wani ɓangare na lamarin. An tsara hanya mai hawan da ya haura mita 5,000, wadda ta dace da Pogačar, kuma shi ya ci. Mutum 30 kawai suka kai ƙarshe, ɗan Afirka ɗaya ne a cikinsu, Amanuel Ghebreigzabhier na Eritiriya. Nahiyar ta karɓi baƙi, amma babban tauraronta bai samu filin da ya dace da baiwarsa ba.

8.0 Sakamako da Shawarwari

Nazarin ya fito da abubuwa uku. Baiwar Girmay ta samo asali ne daga al'ada da muhalli da magabata, don haka ana iya sake samar da irinsa. Baiwar ba ta soma kawo kuɗi ba sai da ta isa inda ake ba da maki, kuma gurbi ɗaya a Aigle ne ya buɗe ƙofar. Ribar jarin da Asmara ta zuba ta fi komawa ga kamfanonin Turai da masu shirya gasa. Inuwar giginya ce, na nesa ka sha.

Bisa haka takardar ke ba da waɗannan shawarwari. Hukumomin keke na ƙasashen Afirka su fifita yawan gasannin matasa masu rajistar UCI a kan babban biki guda a shekara. UCI ta faɗaɗa rassan cibiyarta a nahiyar, ta kuma nema wa 'yan tsere masu lasisi tsarin biza na dogon lokaci. Kamfanonin sadarwa da bankunan Afirka su dubi abin da MTN ta samu a 2015, lokacin da sunanta ya zagaya Faransa mako uku. Ƙungiyar 'yan tsere ta ci gaba da neman a ba ƙungiyoyi kaso daga kuɗin talabijin. Nijeriya tana da nata rabon a wannan magana: akwai filin tseren keke a babban filin wasa na Abuja tun wasannin Afirka na 2003, amma Ese Ukpeseraye, wadda ta fara wakiltar ƙasar a tseren keke a gasar Olamfik, a Paris a 2024, da keken da tawagar Jamus ta ara mata ta shiga tseren cikin fili. Kayan aro ba ya rufe katara.

9.0 Kammalawa

Takardar ta bi Biniam Girmay daga titunan Asmara zuwa dandamalin Nice, ta nuna cewa abin da yake samu ya rataya a kan abubuwa huɗu: jikinsa, makin da yake kawowa, takardun da ke ba shi damar zama inda ake tsere, da kamfanin da ke biyan ƙungiyarsa. Na farko kaɗai ne a hannunsa. Ya ci nasara ne domin baiwarsa ta isa ta tsallake rushewar ƙungiya ɗaya da haɗewar wata, abin da mafi yawan tsararrakinsa ba za su iya ba. Ma'aunin ci gaban wannan wasa a Afirka shi ne ranar da matsakaicin ɗan tsere daga Asmara ko Kigali ko Wagadugu, wanda ba zai taɓa sa koriyar riga ba, zai samu aikin ɗauko wa jagoransa ruwa a kan mafi ƙarancin albashin WorldTour, kamar yadda takwaransa na Beljiyam ke samu ba tare da ya kafa tarihi ba.